Tarihin Grace Hopper, Malamar Da Ta Mai Da Inji Akawu

Kwanan baya ina cikin rangadin makarantu sai na tarad da wani saurayin malami zaune gaban kwamfuta bayan an tashi yara, ya yi tagumi. Ashe koyon harshen nan na ba inji umurni ya ke yi, wanda a ke kira C. Ya rubuta wani ɗan ƙaramin tsari wanda bai fi layi ashirin ba, ya raba shi cikin fayil biyu. Ya gaya mini da fari injin ya karɓi rubutunsa ba gardama, amma da aka zo mataki na ƙarshe sai ya ƙi, wai akwai wani suna da bai sani ba, alhali kuwa malamin da hannunsa ya rubuta sunan. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda inji ɗaya zai yarda da magana yanzu, an jima kuma ya musanta ta. Na ce masa ai ma'aikata biyu ne a ciki, ɗaya mai fassara, ɗaya mai haɗawa, kowa da nasa aikin, wanda ya karɓa daban, wanda ya ƙi daban.

Duk mai son ya gane dalilin da ya sa aikin ya rabu haka, ya kyautu ya ji tarihin wata mace malamar lissafi, mutuniyar Amurka, sunanta Grace Hopper. Tana cikin mutanen farko da suka ga cewa aikin kwafa da harhaɗawa da gyaran lambobi, wanda ya ke gajiyad da ɗan Adam har ya yi kuskure, ya fi dacewa a ɗora wa inji shi. Malaman makaranta da akawuna kuwa su ya fi kamata su san labarinta, domin ita malama ce, kuma saboda masu aikin ofis ta yi mafi yawan wahalarta.

Asalinta Da Ƙuruciyarta

An haife ta a birnin New York ran 9 ga watan Disamba, 1906. Sunan da iyayenta suka sa mata Grace Brewster Murray, ita ce babba cikin 'ya'ya uku. Ubanta dillalin inshora ne, uwarta kuwa mace ce mai sha'awar lissafi. A cikin kakanninta akwai wanda ya kai matsayin admiral a rundunar sojan ruwan Amurka. Tun tana yarinya ta ke da son bin diddigin abu. Sa'ad da ta ke shekara bakwai ta so ta san abin da ke sa agogo mai ƙararrawa ya yi ƙara, sai ta kwance ɗaya, ta kāsa mai da shi, ta ɗauko wani, har ta kwance bakwai kafin uwarta ta farga. Uwar ba ta hana ta ba, sai dai ta ƙayyade mata agogo guda.

Da ta kai shekara goma sha shida ta nemi shiga Kwalejin Vassar, watau wata babbar makaranta a jihar New York wadda a lokacin ta mata ce, amma ta fāɗi jarrabawar harshen Latin, aka ce ta dakata. Ta koma ta ƙara shekara guda tana shiri, sa'an nan aka ɗauke ta. Malamai su lura da wannan, don ba ƙaramin darasi ba ne ga yaron da ya fāɗi jarrabawa ya ce duniya ta ƙare. A 1928 ta sami digirinta na farko a kan lissafi da kimiyyar fiziks. Daga nan ta wuce Jami'ar Yale, ta sami digiri na biyu a 1930, ta kuma sami digirin dakta a kan lissafi a 1934, a zamanin da matan da ke kai wannan matsayi ba su da yawa ko a ƙasar tasu. A 1930 ne ta auri wani malami, Vincent Hopper, wanda ta ɗauki sunansa. Auren ya mutu a 1945, ba su sami haihuwa ba, ba ta kuwa sake aure ba.

Zamanta Na Malanta

Tun 1931 ta koma Vassar tana koyad da lissafi, ta yi shekara goma sha biyu a bakin allo. Akwai wata ɗabi'a tata da ta kan ba ɗalibai haushi. Ta kan sa su rubuta insha'i a kan wata ƙa'idar lissafi, sa'an nan ta bi rubutun da jan alƙalami tana gyara inda bayani bai fita ba. In sun yi ƙorafi cewa lissafi suka zo koyo, ta kan nuna musu cewa lissafin da mutum bai iya bayyana wa wani ba bai amfane shi da kome ba. Wannan ɗabi'a ce ta bi ta har ƙarshen ranta. Ko da ta bar aji ta koma wajen injuna, tambayarta kullum ita ce yadda za a faɗi abu mai wuya da kalmomin da mutum mai matsakaicin ilmi zai gane.

Yaƙi Da Injin Harvard

Ran 7 ga watan Disamba, 1941, Japan ta kai hari tashar jiragen ruwan Amurka ta Pearl Harbor, Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Grace Hopper ta nemi shiga sojan ruwa, aka ƙi. Aka ce shekarunta sun yi yawa, nauyinta bai kai ƙa'ida ba, kuma ƙasa ta fi bukatarta a aji. Ba ta daddara ba, ta yi ta nema har aka ɗauke ta cikin rundunar ko-ta-kwana ta mata a watan Disamba, 1943. Ta yi horo a Kwalejin Smith, ta fita ita ce ta ɗaya a ajinsu, aka ba ta muƙamin ƙaramin laftanan. A tsakiyar 1944 aka tura ta Jami'ar Harvard, ƙarƙashin wani hafsa masanin kimiyya mai suna Howard Aiken.

A can ta fara ganin injin lissafin da a ke kira Mark I, wanda kamfanin IBM ya ƙera. Tsawonsa ƙafa 51, tsayinsa ƙafa 8, nauyinsa wajen tan 5, sassansa sun fi 750,000, wayar da ke cikinsa kuwa ta kai kimanin mil 500. Duk da girman nan, tarawa uku kaɗai ya ke yi cikin daƙiƙa guda, ninkawa ɗaya kuwa ta kan ɗauke shi wajen daƙiƙa shida. Ana ba shi umurni ne ta wata doguwar takarda mai huji-huji, kowane jeri na huji umurni guda. Ita ce mutum ta uku da ta koyi tsara masa umurni. Dare da rana su ke aiki, suna fitad da lissafin da mayaƙan ruwa ke bukata na saita bindigogi da makamantansu. Aiken kuma ya ɗora mata rubuta littafin yadda a ke aiki da injin, wanda ya fito a 1946, shafinsa ya fi 500. Tsohuwar ɗabi'arta ta malanta ta yi mata rana a nan.

Bayan yaƙi Vassar ta neme ta ta koma da babban matsayi, ta ƙi, ta zauna Harvard har 1949. A wannan tsakani ne, ran 9 ga watan Satumba, 1947, injin da ya gaji na farko, watau Mark II, ya sami cikas. Da ma'aikata suka bincika sai suka tarad da wata 'yar malam-buɗe-littafin dare ta maƙale a cikin wani makunni. Suka ciro ta suka manna a littafin aikin yini, littafin kuwa yana nan ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Turawa sun daɗe suna kiran cikas ɗin inji da sunan ƙwaro tun kafin ranar, amma yawan ba da labarin nan da ta yi shi ya sa ya bazu duniya.

Wahalar Kwafa

Yanzu sai mu zo ga ainihin abin da ya sa sunanta ya tabbata. Tun suna Harvard, ita da abokan aikinta sun lura akwai waɗansu guntayen lissafi da a ke bukata kullum, kamar fitad da saiwar lamba ko awon kusurwa. In mutum ya tsara ɗaya ya gwada ya ga daidai ne, sai ya rubuta shi a ɗan littafinsa. Wanda ya bukata sai ya ara ya kwafa cikin nasa tsarin. Dabara ce mai kyau, amma tana da illa biyu.

Illa ta fari ita ce kuskuren hannu, wanda kowane akawu ya san shi. Ita da kanta ta sha ba da labarin yadda harafin B ya kan rikiɗe ya zama 13 a hannun mai kwafa. Illa ta biyu ta fi wannan zurfi. Ma'ajiyar inji kamar kabad ce mai gurabu da yawa, kowane gurbi da lambarsa, umurni kuwa ya kan ambaci lambar gurbin da za a ɗauko abu ko wanda za a tsallaka zuwa gare shi. To, a ce akawu ya ɗauko wani babi daga wani littafin rajista zai shigad da shi cikin wani, a cikin babin kuwa an rubuta a duba shafi na 5, a duba shafi na 12. In a sabon littafin babin ya fara daga shafi na 101, dole ya bi kowane wuri ya mai da 5 ta zama 105, 12 ta zama 112. In ya manta ɗaya, mai karatu ya ɓace. Haka masu tsara umurni ke yi da hannu, suna ƙara lamba a kan kowane adireshi, kuskure ɗaya kuwa ya isa ya ɓata aikin mako.

A 1949 ta koma birnin Filadelfiya, kamfanin Eckert da Mauchly, masu ƙera wani sabon inji mai suna UNIVAC. A 1950 kamfanin Remington Rand ya saye su, a 1951 kuma aka miƙa inji na farko ga ofishin ƙidayar jama'a na Amurka. Wannan inji da kwalaben lantarki wajen 5,000 ya ke aiki, irin na tsohuwar rediyo, saurinsa ya ninka na Mark I sau ɗaruruwa. Gurabun ma'ajiyarsa 1,000 ne, yana kuma karanta bayani daga wani dogon zare na ƙarfe naɗe a faifai. Sai wata matsala ta fito fili. Inji ya kan gama lissafi cikin minti kaɗan, amma tsara masa umurnin ya kan ci makonni, waɗanda suka iya tsarawa kuwa 'yan ƙalilan ne. In za a sayad da injuna ga bankuna da kamfanonin inshora da ofisoshin gwamnati, ina za a samo masu ba su umurni?

Yadda Ta Sa Inji Ya Harhaɗa Aikinsa

Amsar da ta samo mai sauƙin faɗi ce. Inji bai san gajiya ba, ba ya kuskuren kwafa, tara lamba kuwa ita ce sana'arsa. Me zai hana a ba shi aikin kwafan da na gyaran adireshin? Tsakanin 1951 da 1952 ta tattara guntayen nan da aka riga aka gwada, ta zuba su a kan faifai guda kamar taskar littattafai, ta ba kowane guntu lambar kira. Sa'an nan ta rubuta wani tsari na musamman, ta sa masa suna A-0. Mai aiki ba sai ya kwafi kome ba. Abin da zai yi kawai ya jera lambobin kiran guntayen da ya ke so, da lambobin da za a yi aiki a kansu. A-0 shi zai bi faifai ya ɗauko kowane guntu, ya jera su bi da bi, ya gyara adireshinsu, ya fitad da cikakken tsari wanda inji zai iya bi.

Akwai wani ƙulli da ta ci karo da shi wanda ya kamata mai koyo ya riƙe. A-0 daga sama ya ke karatu zuwa ƙasa, sau ɗaya. In wani umurni ya ce a tsallaka zuwa wani wuri da ke can gaba, wanda ba a kai gare shi ba tukuna, ba a san lambarsa ba, yaya za a yi? Ta ce wasan ƙwallon kwando da ta yi tana ɗaliba shi ya ba ta dabara, domin a wasan mutum ya kan jefa ƙwallo gaba, sa'an nan ya ruga ya same ta. Sai ta keɓe wani lungu a ƙarshen ma'ajiya, duk tsallaken da ba a san inda zai sauka ba a tura shi can ya jira, in an kai wurin a cika lambar. Watau a bar gurbi, a rubuta bashi, a biya daga baya.

Ta kira wannan tsari nata kampaila, kalmar Ingilishi mai nufin mai harhaɗawa, kamar malamin da ke tattaro babi-babi daga littattafai ya haɗa kundi. A watan Mayu, 1952, ta karanta takarda a kansa a wani taron masana a birnin Pittsburgh. A-2, wanda ya biyo baya a 1953, an rarraba wa masu sayen UNIVAC, aka kuma roƙe su su aiko da gyare-gyarensu.

Kada mai karatu ya zaci da ganin abin aka rungume shi. Waɗansu suka ce inji lissafi kaɗai ya iya, ba shi da ikon rubuta tsari. Gwanayen tsarawa kuma suka ce abin da A-0 ke fitarwa bai kai wanda gwani ya rubuta da hannu sauri ba, a lokacin kuwa akwai gaskiya cikin maganarsu. Akwai kuma masu tsoron kada sana'arsu ta zama ta kowa. Ta ɗauki wajen shekara biyu tana lallashi da gwaji a gaban mutane, don ta san gani ya kori ji. A 1954 kamfanin ya naɗa ta shugabar sashen da ke kula da wannan aiki.

Gaskiya kuma ita ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Jami'ar Kambirij ta Ingila, Maurice Wilkes da David Wheeler da Stanley Gill sun riga sun shirya taskar guntaye don injinsu, sun buga littafi a kanta a 1951. A Manchesta, Alick Glennie ya yi nasa mafassarin a 1952. Ita kanta ta kan yaba wa abokiyar aikinta Betty Holberton, wadda ta rubuta tsarin da ke haifad da wani tsari don jera bayanai. A 1957 kuma John Backus da mutanensa na IBM suka fito da harshen FORTRAN, wanda ya tabbatar wa masu shakka cewa fassarar inji tana iya kamo ta gwani.

Harshe Don Masu Aikin Ofis

Ita kuwa hankalinta ya koma kan akawu da ma'aji da mai biyan albashi. Ta ga mutanen nan ba su saba da alamomin aljabara ba, da kalmomi su ke aiki. Sai ta kawo shawara a riƙa rubuta wa inji umurni da kalmomin Ingilishi sak, irin su karanta, kwatanta, rubuta, tsaya, mafassari ya juya su zuwa lambobin inji. A 1955 ita da mutanenta suka yi gwaji. Ta ba da labari cewa don ta nuna abin ba sihiri ba ne, sai ta sa aka rubuta tsarin guda da Ingilishi da Faransanci da Jamusanci, injin ya bi duka. Maimakon shugabannin kamfani su yi murna sai suka firgita, don a ganinsu injin da aka ƙera a Filadelfiya ba shi da hanyar jin harshen wata ƙasa. Ba su gane ba cewa inji ba ya jin kowane harshe, alama ya ke kwatantawa da alama. Daga wannan aiki harshen FLOW-MATIC ya fito.

A watan Mayu, 1959, aka yi taro a hedkwatar ma'aikatar tsaron Amurka, aka kafa kwamiti don a shirya harshe guda na harkokin ciniki wanda kowane inji zai karɓa, ko wane kamfani ya ƙera shi. Harshen da ya fito shi ne COBOL. Waɗansu ne suka zauna suka rubuta ƙa'idodinsa, cikinsu har da wata mace mai suna Jean Sammet, ita kuwa Grace Hopper mai ba da shawara ce, amma daga FLOW-MATIC aka ɗebo da yawa daga cikin tubalinsa. A watan Disamba, 1960, aka ɗauki tsari guda na COBOL aka bi da shi a kan injin UNIVAC da kuma injin kamfanin RCA, aka sami amsa ɗaya. Wannan babban al'amari ne, don ya nuna mutum zai iya rubuta aikinsa sau ɗaya, in an sake inji mafassari kaɗai za a sake. Har yau akwai bankuna da ofisoshin gwamnati masu yawa a duniya da ke riƙe lissafinsu da COBOL.

Tsufanta Da Rasuwarta

Duk shekarun nan ba ta ajiye kakinta na sojan ko-ta-kwana ba. A ƙarshen 1966, da ta cika shekara sittin, aka yi mata ritaya da muƙamin kwamanda. Ba a yi shekara ba, a watan Agusta, 1967, aka sake kiranta, wai aikin wata shida, don ta daidaita harsunan da rundunar ke amfani da su. Wata shidan nan sai da ya kusa zama shekara ashirin. Ita da mutanenta suka shirya jarrabawar da a ke yi wa kowane mafassarin COBOL don a ga ko ya bi ƙa'ida. Ta zama kyaftin a 1973, kwamado a 1983, a 1985 kuma aka sake wa muƙamin suna ya zama ƙaramin admiral. Ran 14 ga watan Agusta, 1986, ta yi ritaya ta ƙarshe tana da shekara 79, aka yi bikin a kan tsohon jirgin yaƙin nan USS Constitution a Boston. A ranar babu hafsan da ke bakin aiki a rundunar wanda ya girme ta.

Malanta ba ta sake ta ba. Ta kan zaga makarantu da tarurruka ɗauke da guntayen waya, kowane tsawonsa inci 11.8, watau wajen santimita 30, ta rarraba wa masu sauraro. Ta kan bayyana musu cewa iyakar nisan da haske zai iya tafiya ke nan cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa. Sa'an nan ta nuna musu wani ƙunshin waya mai tsawon ƙafa 984, na kashi ɗaya bisa miliyan, don masu tsara umurni su ga da idonsu abin da su ke ɓarnatarwa in sun yi sakaci. A bangon ofishinta kuma akwai agogon da ke juyawa ta hagu, don ta tuna wa baƙi cewa daɗewar al'ada ba hujja ba ce. A 1991 aka ba ta babbar lambar yabo ta ƙasa a kan fasaha. Ta rasu ran 1 ga watan Janairu, 1992, tana da shekara 85, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington. An sa wa wani jirgin yaƙi sunanta, a 2016 Shugaba Obama ya ba ta lambar girma mafi ɗaukaka ta farar hula, a 2017 kuma Jami'ar Yale ta sa wa ɗaya daga cikin kwalejojinta sunanta.

Abin Da Mai Koyon C Ya Gāda

Sai mu koma ga malaminmu da muka bari yana tagumi. Harshen C ba aikin Grace Hopper ba ne. Dennis Ritchie ne ya ƙago shi a ɗakin bincike na Bell a Amurka wajen 1972, a 1978 kuma shi da Brian Kernighan suka buga littafin da ya yaɗa shi. Amma hanyar da rubutun C ke bi kafin ya zama aiki tana ɗauke da sawunta. Abin lura shi ne, kalmar kampaila da ta raɗa ta koma kan mai fassara, aikin da A-0 ya yi kuwa na ɗauko guntaye da gyara adireshi, yau wani ma'aikaci ne daban ke yinsa, wanda za mu kira mahaɗi.

Ga yadda abin ya ke. Malamin ya rubuta fayil biyu. A cikin lissafi.c ya rubuta wani guntu mai tara lamba biyu, ya sa masa suna jimla, don C ya yarda mutum ya raɗa wa guntayensa sunan da ya ga dama, ko da na Hausa ne. A cikin babba.c kuma akwai main, inda kowane tsarin C ke farawa, shi ne ke kiran jimla. A saman babba.c ya sanad da mafassari cewa akwai wani guntu mai suna jimla, mai karɓar lamba biyu ya mayar da ɗaya. Da ya buga gcc -c babba.c, mafassari ya karanta wannan fayil shi kaɗai, ya juya shi zuwa lambobin inji, ya fitad da babba.o. Bai ga jikin jimla ba, amma an yi masa alkawarin akwai shi, saboda haka ya bar gurbi ya rubuta bashi, kamar lungun nan na A-0. Shi ya sa bai yi gardama ba.

Daga nan malamin ya buga gcc babba.o -o gwaji, watau ya miƙa wa mahaɗi babba.o kaɗai. Mahaɗi ya duba jerin bashi, ya ga printf, guntun da ke rubuta amsa a kan allo, ya same shi a babbar taskar C wadda a ke haɗawa ko ba a roƙa ba. Ya nemi jimla a cikin abin da aka ba shi bai samu ba, sai ya tsaya. Maganin kuwa shi ne a fassara lissafi.c shi ma a sami lissafi.o, sa'an nan a buga gcc babba.o lissafi.o -o gwaji. Da ya yi haka sai tsarin ya tashi, ya tara masa 2 da 3. Irin wannan cikas ya kan sami mai koyo kuma in ya kira sqrt don fitad da saiwar lamba, domin a kan injuna da yawa taskar lissafi daban ta ke, sai an ƙara -lm a ƙarshen umurni.

Saboda haka in inji ya ƙi aikinka, fara tambayar kanka wa ke magana. In an ambaci lambar layi, aka ce ka manta wata alama ko ka karya ƙa'idar harshe, mafassari ne, gyaran yana cikin rubutunka. In kuwa suna ne aka ce an nema ba a samu ba, ko an same shi sau biyu, mahaɗi ne, sai ka duba fayilolin da taskokin da ka miƙa masa. Ribar rabon aikin kuwa ita ce, in tsari ya girma ya kai fayil ɗari, ka gyara ɗaya, shi kaɗai za ka sake fassarawa, sa'an nan a haɗa.

Ina roƙon malamai masu koyad da wannan fanni kada su bar yaro ya tsaya ga danna maɓalli guda wanda ke ɓoye matakan nan. A sa shi ya yi su da hannunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ga fayil ɗin da kowane mataki ya haifar, ya cire ɗaya da gangan ya ga abin da mahaɗi zai ce. Sa'an nan a sa shi ya rubuta da kalmominsa, ko da Hausa, abin da ya faru, kamar yadda Grace Hopper ta kan sa ɗalibanta. In ya iya bayyana wa na ƙasa da shi, to, ya iya. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya kuma ba mu haƙurin koyad da shi, amin.